Yadda za ku kafa 'yan sa-kai na kiwon lafiya a gundumarku, su kuma daɗe suna aiki

Asibitin gunduma irin wanda nake aiki a cikinsa, a ƙasar Katagum, ba ya rasa marasa lafiya. Ganinsu da wuri ne muke rasawa. Yaro zai fara gudawa ranar Litinin, ba za a kawo shi ba sai Alhamis, idanu sun zurma, maɗiga ta faɗa, ko nonon ba ya iya kamawa. Mai ciki za ta kwana biyu da ciwon kai da kumburin ƙafa, kowa a gidan yana cewa ai haka ciki yake, sai ta fara jijjiga sannan a shiga neman mota. Mu ma'aikata 'yan kaɗan ne, muna ɗaure a ɗakin awo da ɗakin haihuwa, ba mu da ƙafar shiga kowane gida. Mai wannan ƙafar ita ce maƙwabciya, wadda ke shiga barka ko aron turmi ba wanda zai tambaye ta me ya kawo ta.

Na rubuta wannan ne don 'yan'uwana masu riƙe da asibitocin gunduma a Bauchi da Gombe, da shugabannin kwamitocin ci-gaban gunduma, da ƙungiyoyin mata da na matasa masu son su taimaka amma ba su san ta inda za su kama ba. Abin da nake so ku riƙe tun yanzu shi ne, 'yar sa-kai ba ta da takardar makaranta ko farar riga da za ta nuna. Yardar maƙwabta ita ce duk jarinta. Kowace shawara za ku yanke a kanta, ku duba ko za ta ƙara mata wannan yarda ko za ta cinye ta.

Ku fara daga zaure

Kada ku rubuta sunan kowa sai kun je gaisuwa wurin hakimi, daga nan dagatai da masu unguwanni, da limaman Juma'a, da fastoci a inda akwai coci, da arɗo idan akwai rugage a kewayenku. Duk wanda ya yi aikin shan inna ya san dalili. A 2003 jita-jita ta sa aka dakatar da ɗigon rigakafin a Kano da wasu jihohin Arewa, cutar ta sake bazuwa har ta tsallaka wasu ƙasashe. Da sarakuna suka shigo aikin da ƙarfinsu a 2009 ƙarƙashin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, sannan UNICEF ta fara ɗaukar matan unguwa suna bi gida-gida daga 2012, sai ƙofofin da ke rufe suka fara buɗewa. Ranar 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar da cewa Afirka ta rabu da asalin nau'in ƙwayar cutar. Da ɗan gari akan ci gari.

Sai dai neman albarkar mai unguwa daban, bar masa zaɓe shi kaɗai daban. Da zarar an ji ƙanshin alawus, takarda za ta cika da sunayen 'yan'uwa, wasu ma suna zaune a Azare ko Bauchi, sai ranar biya za a gan su. Ni abin da nake yi, ina zuwa inda mata ke taruwa, gidan suna ko Islamiyyar matan aure ko zumuntar mata, in yi tambaya ɗaya: idan naƙuda ta tashi wa ɗayarku da tsakar dare, wa ake aikawa a taso? Sunan da ya fito daga baki uku ko huɗu, ita nake kai wa mai unguwa ya sa albarka.

Wadda nake nema mace ce mai zama a unguwar, wadda ta haihu ta yi goyo, mijinta ya amince da bakinsa a gaban mai unguwa, kuma ba a san ta da kai magana ba. Wannan na ƙarshen ya fi karatu muhimmanci nesa ba kusa ba. Za ta san wa ke da ƙaramin ciki tun kafin kishiya ta sani, za ta san wa ke tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Rana ɗaya irin wannan magana ta fita ta bakinta, aikin ya mutu a layin gaba ɗaya. Idan ba ta iya boko ba amma ta iya ajami, ta rubuta da ajami. Idan ba ta iya ko ɗaya ba, a haɗa ta da yarinyar da ta gama sakandare ta riƙe mata littafi.

Kada ku tsallake ungozoma da wanzami. Idan kuka bar su a waje, maganarsu za ta ci karo da taku a cikin gida, kuma su za a ji. Wanzami ne ke riƙe jariri ranar suna, shi ya fi kowa damar tambayar uban ko an yi wa jaririn allurar rigakafi ta ranar haihuwa. Maza kuma kuna buƙatarsu don majalisa da masallaci da kasuwa, kuma 'yan agajin masallatai sun saba da horo da bin umarni, ba sa ba da wahala. Rugage a ba wa mai jin Fulatanci.

Kowace mace a ba ta gidajen da za ta iya zagayawa a ƙafa cikin wata ba tare da girkinta ko sana'arta sun tsaya ba. A ganina gida 30 zuwa 40 ya isa. Wanda ya ɗora mata unguwa uku, ya sallame ta ne bai sani ba.

Maganar kuɗi, ranar farko

Ku faɗa musu a fili, a gaban kwamiti, cewa babu albashi. Kada ku ce "ana sa rai," kada ku ce "idan gwamnati ta waiwayo mu." Wannan 'yar kalmar za ta zama bashi a wuyanku. Gaskiya ne akwai shirye-shirye masu ɗan alawus, irin CHIPS, shirin gwamnatin tarayya na masu wayar da kai kan lafiya a unguwanni, da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a garin Lafiya a 2018, amma ba ku ne ke riƙe da lalitar ba, don haka kada ku yi alkawari da ita.

Abin da ke hannunku shi ne adalci. Duk lokacin da aikin kwanaki mai biya ya zo, rabon gidan sauro ne ko ɗigon shan inna ko maganin zazzaɓin damina, sunayensu su fara hawa takarda. Babu abin da ke kashe zuciyar 'yar sa-kai kamar ta shekara tana bin gidaje kyauta, ranar da kuɗi ya fito ta ga baƙuwar fuska ɗauke da jakar aiki a ƙofar gidanta. Kuɗin mota ranar taro da ɗan katin waya kuwa haƙƙi ne, ba alfarma ba. Idan asibitinku na cikin masu karɓar kuɗin asusun lafiya a matakin farko da Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa, ku zauna da kwamiti ku sa fita unguwanni cikin tsarin kashe kuɗin.

Abin da za ku koya musu

Kada ku tara su a aji ku zuba musu komai a mako guda. Abu ɗaya a kowane zama, da hannu, har sai kowa ta yi a gaban 'yan'uwanta.

Farko littafi. Littafin makaranta mai shafi 40 ya wadatar: masu ciki a gaba, jarirai a tsakiya, yara 'yan ƙasa da shekara 5 a baya. Duk sauran aikin a kansa yake tafiya.

Daga nan rigakafi. Su haddace lokutan: ranar haihuwa, sati 6, sati 10, sati 14, wata 9, wata 15. Ni ina ɗaura musu su a jikin abin da mata suka riga suka sani. Allurar haihuwa an fi so a yi ta a ranar, musamman ta ciwon hanta, to kada a bari suna ya zo ba a yi ba. Ta sati 6 tana faɗowa daidai da gama wankan arba'in. A nan ne muke asarar yara da yawa, domin mai haihuwar fari tana gidan iyayenta wankan jego, ta yi arba'in ta koma ɗakinta a wata unguwa ko wani gari, katin ya tsaya a ƙarƙashin katifar kaka. Dole 'yar sa-kai ta tabbata katin ya bi jaririn, ta kuma sanar da takwararta ta can. Wuri na biyu da yara ke ɓacewa shi ne tsakanin sati 14 da wata 9, saboda tazarar ta yi tsawo uwa ta manta, ga shi allurar wata 9 ce ke ɗauke da ƙyanda da shawara da sanƙarau. Kuma a riƙa gaya wa uwa tun kafin a yi cewa allurar cinya na iya kawo ɗan zazzaɓi da kumburi na kwana ɗaya ko biyu. Idan ba a faɗa ba, yaro ya kwana kuka, gobe maigida ya kafa doka, shi ke nan.

Sai gudawa. Kowace 'yar sa-kai ta haɗa ruwan gishiri da sukari da hannunta a gabanku. Na leda shi ne mafi kyau, a karanta yawan ruwan da aka rubuta a jikinsa, domin akwai na lita 1 akwai na rabin lita. Ledar fiya wata biyu ita ce lita 1, wannan awon kowa ya gane shi. In babu na leda, ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe ba a tula ba, cikin lita 1 na ruwa mai tsabta. A riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan, in ya yi amai a dakata minti 10 a ci gaba, kada a daina nono, abin da ya kwana ya yini a zubar a haɗa sabo. Ƙwayar zinc kuma kullum har kwana 10 zuwa 14 ko da gudawar ta tsaya, rabin ƙwaya ga wanda bai kai wata 6 ba.

Tamowa tana da ma'auninta, wannan 'yar igiyar mai launi uku da ake zagaya wa damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa 59, a tsakiya tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. Ja, wato ƙasa da santimita 11.5, asibiti yau. Ruwan ɗorawa, a duba abincin gidan a sake aunawa ba da daɗewa ba. Su kuma danna bayan ƙafafun yaro biyu da babban yatsa na daƙiƙa 3. In gurbi ya zauna, shi ma asibiti yau, ko da igiyar ta nuna kore. Na fi son a koya wa iyaye mata su auna da kansu, domin uwar da ta ga ja da idonta ba ta buƙatar dogon lallashi.

Ƙirga numfashi yana ba su wuya da farko, amma yana ceton rai. Yaro mai tari, yana kwance ba ya kuka, a ƙirga minti ɗaya cur da agogon waya. Daga wata 2 zuwa 11, numfashi 50 ko fiye ya yi sauri. Daga shekara 1 zuwa ƙasa da 5, 40 ko fiye. In ƙasan ƙirji na lotsawa ciki lokacin da yake jan iska, ko ya kasa shan komai, ko yana amayar da duk abin da ya ci, ko ya yi taune-taune, ko ba ya farkawa sosai, ba a jiran gari ya waye.

Ga mai ciki, a fara awo da wuri, a ci gaba da zuwa, domin tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a kai zuwa 8. A can za a duba jininta, a ba ta maganin ƙarin jini da na rigakafin zazzaɓin cizon sauro aƙalla sau 3. Zubar jini, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, fashewar faya ba naƙuda, ɗa ya daina motsi, naƙudar da ta wuce yini: waɗannan su zauna a bakin kowace 'yar sa-kai. Bayan haihuwa, a sa jariri a nono cikin awa ɗaya, kada a matse dakashi a zubar, nono zalla har wata 6 ko a zafin Afrilu. Cibiya kuma man chlorhexidine kaɗai, ba toka, ba man goge baki, ba gashi da tsumma. Ku maimaita musu har su gaji da ji cewa wannan man ba ya kusantar ido, yana makantarwa.

Iyakar da ba a tsallakewa

'Yar sa-kai ba ta yin allura, ba ta ɗaura ruwa, ba ta sayar da magani, ba ta karɓar haihuwa da sunan asibiti. Ina da tsanani a nan kuma ba na jin kunyarsa. Mutane da kansu za su fara kiranta likita, su riƙa kawo mata allurar da suka sayo a kemis, zuciya kuma tana son girma. Ranar da wani abu ya faru a hannunta, ba ita kaɗai za a tsana ba, har rigakafin da awon. Wadda ta tsallake, a ja mata kunne a keɓe. Ta sake, a karɓi littafin cikin mutunci.

Idan ta turo, ku karɓa

Nan ne yawancin shirye-shirye ke rushewa, kuma laifin namu ne mu ma'aikata. Mace ta yi kwana uku tana lallashin maigida, ya yarda da ƙyar, ya biya kuɗin mashin, aka iso aka tarar da asibiti a rufe, ko aka daka wa uwar tsawa don ta makara, ko aka ce yau ba ranar rigakafi ba ce. Wannan gidan ba zai sake sauraron 'yar sa-kai ba, kuma labarin zai zaga layin kafin la'asar. Ku ba su 'yar takardar turowa, ko da kwali ne aka yanka mai sunanta da alamar abin da ta gani. Duk wanda ya zo da ita a gan shi da wuri, a kuma rubuta amsa a baya a mayar mata. Ku sanar da su ranakun rigakafi da na awo, in kuma allura ta yanke ku kira su tun da dare kada su tura mutane a banza.

Mota ma a shirya ta tun rana ba ta ɓaci ba. A Gombe an yi tsari da direbobin ƙungiyar NURTW na kai masu naƙuda asibiti cikin gaggawa, kuma ba sai an jira wani shiri daga sama ba kafin a kwaikwaya. Ku je tasha ku zauna da shugabanta, a fitar da direba biyu ko uku da masu Keke Napep da suka yarda a tashe su da dare, a yanke kuɗin mai tun yanzu, lambobinsu su shiga shafin farko na kowane littafi. Kwamiti ya ajiye ɗan asusu na rance don gidan da dare ya same su ba ko sisi.

Aikin yana bin shekara

Da damina ta kankama, hankali ya koma kan sauro da ruwan sha. Lokacin ne ake rabon maganin kariya daga zazzaɓi ga yara 'yan wata 3 zuwa 59, wata-wata, kwana 3 a jere. Na ranar farko a gaban mai rabo ake sha, na kwana biyun da suka rage a hannun uwa yake, kuma nan ne 'yar unguwa ta fi kowa amfani, ta leƙa ta ga an bayar ba a ajiye don wata rana ba. Yaron da ke da zazzaɓi a ranar, asibiti za a tura shi a gwada. Amai da gudawa kuma mun ɗanɗana shi a 2021, lokacin da Bauchi ta kasance cikin jihohin da ya fi yi wa ɓarna. Babba ɗaya ya kama zawo kamar ruwan shinkafa, a kira ku a take.

Da kaka ta wuce aka shiga rani, sai zazzaɓin Lassa, wanda Bauchi ke cikin jihohin da ya fi addaba. A rufe hatsi da abinci, a daina shanya a ƙasa inda ɓera ke bi, zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya a kawo shi. Zafi ya shigo, ƙyanda da sanƙarau. Mashaƙo ma ya dawo mana a 2023, yawanci kan yaran da ba su yi rigakafi ba. Ku koya musu cewa yara biyu ko uku masu ciwo iri ɗaya a layi ɗaya, ko mutuwar da ba a gane kanta ba, ko yaron da ƙafarsa ta saki farat ɗaya, labari ne da ba ya kwana. Ku kuma ku miƙa shi ga jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma a ranar.

Gidan da aka ƙi

Kada ta yi gardama a tsakar gida, kada ta ambaci hukuma. Ta tambaya, ta saurara. Sau da yawa ba addini ba ne, ɓacin rai ne. Wani zai ce, "Kullum ɗigo kuke kawowa kyauta, ranar da ɗana ya kwanta kuwa sai da na sayar da akuya." Magana ce mai nauyi, kuma yana da gaskiyarsa. Amsar da nake koya musu ita ce, "Wallahi Malam ba ka faɗi ƙarya ba. Zan kai kukanka gaban kwamiti. Amma bari in duba katin yaron nan, kada ƙyanda ta same shi muna kallo." Wani kuma zai ce ai an ce shan inna ta ƙare. A gaya masa asalin nau'in ne ya ƙare, akwai wani da ke ɓullowa a inda yara ba su samu rigakafi sosai ba. Idan uwar miji ce ke riƙe da gidan, ita za a fara gaisarwa a durƙushe, a ce, "Inna, ke kika ga jiya kika ga yau, yara nawa ƙyanda ta ɗauka a unguwar nan kina gani?" Sai a bar ta ta ba da labarin da kanta. In an je sau biyu ba a dace ba, a bar wa liman ko mai unguwa, su yi maganar maza a zaure.

Taron wata

Rana ɗaya tsayayya a kowane wata, awa biyu, a fara kan lokaci domin suna da girki. A buɗe littattafai a haɗa da rajistar asibiti, a fitar da sunayen yaran da suka tsallake allura da masu cikin da suka daina zuwa, kowa ta tafi da nata. A tattauna matsala ɗaya da wata ta ci karo da ita, a koyi abu ɗaya sabo. In an yi rashin uwa ko jariri, a bi diddigin inda aka makara ba tare da nuna wa kowa yatsa ba. Tsakanin taro da taro ku fita da kanku ku bi ɗayarsu gidaje ko da biyar ne, ku zauna a baya ku bar ta ta yi magana, gyaran ya jira sai kun fito. Ganin ku tare da ita a layin yana ɗaga darajarta fiye da duk wani hijabi mai tambari.

Ku je musu barka, ku je musu ta'aziyya. In ɗan ɗayarsu ba shi da lafiya kada ta bi layi. Ku roƙi hakimi ya ambaci sunayensu a bainar jama'a ko sau ɗaya a shekara. Wasu za su bari duk da haka, aure ko tashi ko gajiya, kuma ba laifi ba ne. Shi ya sa tun da wuri kowace ta samu mataimakiya da ke bin ta. Ranar da za ta ajiye, ta zaga da sabuwar gida-gida ta gabatar da ita da bakinta, sannan ta miƙa mata littafin a gaban mai unguwa.